Ruwa a Cikin Man Jirgi

A shekarun farko na mulkin kai jan baki ya addabi ƙasarmu. Tsuntsu ne ƙarami, bai cika tafin hannu ba, amma in garkensa ya taso daga fadama sai ka ce hayaƙi, in kuwa ya sauka a gonar gero ko shinkafa, kafin ka kai ga kaɗa gwangwani ya bar maka kara tsaye. Gwamnatin Jihar Arewa ta aiko da ƙaramin jirgin sama mai fesa magani a inda tsuntsun ke kwana. Aka share masa fili a wani faƙo bayan Tambuwal, ta wajen hanyar Kebbe. Ina cikin leburorin da suka yi sharar. Mun tumɓuke kututture, mun rushe suri, mun cike ramukan gafiya. Da aka gama aka sallami sauran, aka bar ni. Lokacin na kusa shekara arba'in, ina zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan la'asar, kuma ana neman wanda zai iya gane lambar da ke jikin ganga.

Aikina biyu ne. Da safe in bi filin da ƙafa daga wannan kai zuwa wancan, ina duba ko gara ta yi sabon gini, ko shanu sun ratsa sun bar sawu mai zurfi. Na biyu shi ne kula da gangunan man jirgi. An yi musu shinge da zana can nesa da rumfar ma'aikata saboda tsoron wuta. Jirgin ba a wurinmu yake zaune ba, daga Sakkwato yake zuwa, ya yi kwana biyu ko uku ya koma. Ranar da zai zo sai in mirgino ganga ɗaya ko biyu zuwa bakin fili.

Da aka ce ana son maigadi, ni na kawo taubashina daga Fakku. Ɗan gwaggona ne, ni ɗan namiji shi ɗan mace, saboda haka tun muna yara bawana nake ce masa. Mutum ne mai riƙon amana. A Fakku ɗakinsa cike yake da ajiyar mutane, wannan ya kawo sirdi, wancan buhun iri, wata tsohuwa ta kawo tasoshin jikarta. Da na ambace shi gaban akawun En'e, wato hukumar gargajiya, ban yi wata-wata ba.

Kullum da safe in na iso sai in ɗaga murya tun daga nesa.

"Kai bawa! Jirgin Gwamnati na nan, ko ka sai da shi ka sayi goro?"

"Na sai da shi tun jiya," in ji shi. "Ubangijin da ba shi da ko akuya, mi kaka ci da baki? Zo karanta mani abin da anka rubuta ga ganga in kana iyawa."

Makaniken jirgin saurayi ne daga wajen Zariya, mai ƙarancin magana. Yana da wata kwalba fara da ba ya yarda kowa ya taɓa. Kafin a zuba mai a jirgi sai ya zura siririn bututu har gindin ganga, ya zuƙo kaɗan a kwalbar, ya ɗaga ta ga hasken rana yana juyawa. Bayan an zuba kuma ya shiga ƙarƙashin fiffike ya tatso wani ya sake dubawa. Ran farko na tambaye shi abin da yake nema. Ya ɗiga ruwan buta a kwalbar ya nuna mini. Ruwan bai gauraya da man ba, ya gangara ƙasa ya dunƙule kamar ƙwayar tsakiya.

"Ka ga wannan, Malam? Cokali biyu nasa ya isa ya kashe inji. Mota in ta mutu sai a sauka a tura. Wannan fa?"

Na dubi sama.

Muka yi makonni lafiya. Damina ta yi nisa, gero ya fid da kai, tsuntsu ya yi yawa. Wata safiya makanike ya ɗaga kwalba ya daɗe bai sauke ba. Ya zubar, ya sake zuƙowa, ya sake ɗagawa. Sannan ya juyo ya dube ni, irin kallon da ba a taɓa yi mini ba.

"Wa ya buɗe gangar nan?"

Na ce ba kowa. Ya ce ruwa ba ya da ƙafa. Ya ce a wasu wuraren da ya yi aiki ya ga yadda ake yi, a tsiyaye galan ɗaya a sayar wa direbobi, a cika gurbin da ruwa don kada nauyi ya ragu. Aka ware gangar gefe, na mirgino wata, ita ba a sami komai ba. Jirgi ya tashi. Amma kallon nan ya zauna mini a ƙirji, domin mu biyu ne kawai ke shiga shingen, ni da taubashina, kuma na san hannuna.

Daga ranar idona ya canza. Abubuwan da nake gani kullum ban kula ba suka fara yi mini magana. Butar taubashina da yake ajiyewa bakin shinge. Wani direban lori mai zuwa Dogon Daji ranar kasuwa da kan tsaya su gaisa su daɗe. Sabuwar fitilar da na gani rataye a bukkarsa. Wata rana ya miƙo mini goro na ji warin mai a hannunsa, ko da yake ni ma hannuna warin yake yi, duk wanda ya raɓi wurin sai ya ɗauka. Na san da haka, amma na riƙe nasa ban riƙe nawa ba.

Ban tambaye shi ba. Sai na shiga dabara. Na sami zare baƙi na ɗaura a kan murfin kowace ganga, ɗauri irin nawa. Na ja layi da gawayi daga murfi zuwa jiki don in gane in an murɗa. Da yamma kafin in tashi sai in share yashin da ke kewaye da gangunan da tsintsiya, ina ja da baya har in fita, in bar shi sumul.

Aka yi ruwa da asuba wata rana. Da na iso na leƙa sai ga sawu a jiƙaƙƙen yashi, ya bi gangunan ɗaya bayan ɗaya. Na san sawun, na taubashina ne, yana da wani ɗan yatsa da ya karkace tun muna yara. Zare na nan, layin gawayi ruwa ya wanke shi. Na fito na same shi yana shan fura.

"Ina kwana," na ce.

Ya ɗago ya dube ni. "Lafiya lau. Yau ba a sai da jirgi ba?"

"Ka shiga wajen ganguna?"

"Na shiga. Ruwa na kwanta bisa kansu, har ya rufe murfi. Nis sa hannu nis sharce shi. Ba ni son ganin ruwa zaune ga ƙarfe."

Na ce to. A raina na ce ya ga na share yashi, ya san zan ga sawu, shi ya sa ya tanadi amsa. Zaren kuwa, ai mai kwance ɗauri yana iya maida shi.

Na daina ce masa bawa. Sai gaisuwa cikakkiya, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali. Kwana uku ya jure, ran na fuɗu ya tare ni a bakin fili.

"Wai mi nai maka? Gaisuwa wagga taka ta fi zagi ciwo."

"Ba komi."

"Ba komi, kuma kana share ƙasa kamar mai tarkon kurciya? Ni kaka tarko?"

Na ce aikin Gwamnati ne, na wuce.

Abin ya fashe ranar da aka fi bukatar jirgin. An gano wani babban makwancin tsuntsu a fadamar Kebbe, an ce in ba a fesa da yammar nan ba shinkafar mutane ta tafi. Na mirgino ganga biyu, duk biyun kwalba ta nuna ruwa. Na kawo ta uku, ita ma haka, ruwan har ya kai kaurin yatsa a gindin kwalba. Matuƙin jirgin Bature ne, ya cire hularsa ya buga a cinya yana ta faɗa da Turanci. Makanike ya ce ko za a yanka shi ba zai zuba wannan man a jirgi ba. Ba a tashi ba. Kafin a kawo wani mai daga Sakkwato an yi kwana biyu, tsuntsu ya yi abin da ya ga dama.

Akawun En'e ya zo a kan keke, ya zauna a rumfa, aka kira mu. Ya fara da ni, ya ce ni ne mai ganguna, in faɗi abin da na sani. Taubashina na tsugune gefe da sandarsa. Na faɗi sawu, na faɗi direban lori, na faɗi fitila. Ban yi ƙarya ko ɗaya ba, amma na jera su yadda duk mai ji zai kai inda na kai.

Akawu ya juya gare shi. "Kai fa?"

"Ranka shi daɗe, fitila matata ta sayo mani da kuɗin ƙulinta. Direba ɗan garinmu na. Sawu kau nawa na, na gaya mashi dalili. In shi yac ce ni ɓarawo na, ba ni da ta cewa. Shi yak kawo ni."

Ba a kai shi gaban alƙali ba, don ba a kama shi da komai a hannu ba. Aka ce dai ya tattara nasa ya tafi. Ya naɗe tabarma, ya rataya fitilar a sanda, ya kama hanyar Fakku da ƙafa. Bai dube ni ba.

Labari ya riga shi isa. Gwaggona ta aiko mini da saƙo a bakin wani mai jaki, cewa mutane sun yi ta zuwa ɗaya ɗaya suna karɓe ajiyarsu. Kowa da uzurinsa, wannan ya ce zai yi tafiya da sirdin, wancan ya ce yana son ya shanya irin. Ta ce ɗakin ya zama fayau, shi kuma ya bar zama a dandali. Na ce wa kaina ran mutum ne a cikin jirgin nan, ba wasa ba.

Aka kawo sabon maigadi, tsohon soja mai gashin baki, aka kawo sababbin ganguna. Direban da ya kawo su ya mirgino su daga mota ya bar su kwance a kan wasu katakai, yadda aka yi a karon farko. Ni kuma na yi abin da na yi a karon farko, na ta da su tsaye ɗaya bayan ɗaya, baki sama, na jera su. Wa ke kwantar da abu mai ruwa a ciki? Randa a tsaye take, tulu a tsaye, kwalbar man gyaɗa ma in ka kwantar sai ta yi yoyo. A ganina direba gajiya ce ta hana shi gyarawa.

Bayan kwana tara aka sake samun ruwa.

Na fara kallon tsohon sojan. Na kalli makanike ma, na ce ko shi ke ɗiga ruwan a kwalba don ya ɓata mu. Har na yi tunanin ko taubashina ke dawowa a ɓoye don ya wanke kansa. Na rasa wanda ban zarga ba. Daga ƙarshe na ce ba zan ƙara dogara da zare ko yashi ba, zan zauna da kaina. Na bar zuwa aji, na ɗauki buzu na shiga shingen na zauna.

Kwana biyu ban ga komai ba. Ran na uku aka yi ruwa da hantsi, ya ɗauke, rana ta buɗe da zafi. Kan kowace ganga yana da baki mai tudu a kewaye kamar faranti, ruwa ya taru a ciki ya shanye murfin. Ina zaune sai na ji wani ɗan sauti, kamar tukunya na shirin tafasa. Na tashi na duba. Kumfa ce ƙanana ke fitowa daga gefen murfi, ɗaya bayan ɗaya, ta cikin ruwan. Murfi a ɗaure, zarena a kai. Na sa tsinke na auna zurfin ruwan, na karce alama da farce. Na koma na zauna.

Wajen la'asar hadari ya sake haɗowa, iska mai sanyi ta taso. Kumfar ta tsaya. Ganga ta yi ƙara, ɗam, kamar an buge ta daga ciki. Na dinga sa tsinke. Ruwan na raguwa, ba rana ba, ba yoyo ta gefe ba. Ruwan kan gangar da ke can ƙurya bai ragu ba, amma uku na gaba sun sha fiye da rabi. Ba wanda ya shigo. Ni kaɗai ne a wurin.

Washegari jirgi ya zo, na ce wa makanike ya biyo ni. Tun da aka fara aikin bai taɓa shiga shingen ba, a bakin fili yake karɓar ganga. Ya ɗaga zana ya tsaya cik.

"Wa ya tsai da su?"

"Ni nit tsai da su."

"Tun yaushe?"

"Tun ran da anka fara kawowa."

Ya dafe kai. Ya ce ganga numfashi take yi. Rana ta gasa ta ta fitar da iska, sanyi ya zo ta ja, duk abin da ke bakin murfi shi za ta ja. Shi ya sa ake kwantar da ita a kan katako, murfi a gefe, man ciki ya toshe bakin. Ya ce kowa ya san wannan. Na ce ni ban sani ba, ba wanda ya gaya mini. Ya buɗe baki zai yi magana ya fasa, don ya san wanda ya kamata ya gaya mini.

Muka kwantar da su tare. Muna cikin yi ya ce, a hankali, magana ta riga ta wuce, an rubuta an aika. In aka ta da ita ni zan rasa aiki, shi kuma a tambaye shi inda yake wata biyu. Ya ce in bari damina ta fita, a nemo wa taubashina wani aiki a wani wuri.

Na kwana biyu ina juya maganar. Ran kasuwar Tambuwal na sami akawu na faɗa masa. Ya ce in sake faɗi, na sake. Ya ce zai rubuta, kuma daga yau ganguna sun bar hannuna, in tsaya ga sharar fili. Maigadi kuwa an riga an ɗauki wani, sai dai wata shekara.

Ranar Juma'a na tafi Fakku. Na sami taubashina a gona yana kaɗa gwangwani. Na faɗa masa komai ina tsaye, shi bai daina jan igiyar gwangwanayen ba. Da na gama ya ce, "Ni na san ban ɗauka ba, ba ni ka buƙatar ji ba. Gaban mutane anka ɓata ni. Tafi ka gaya masu."

Bayan an sauko daga masallaci na tsaya gaban maigari da dattawa na yi bayani. Suka saurara har ƙarshe. Wani tsoho mai carbi ya ce, "Wato ganga rufe ta sha ruwa da kanta?"

"Haka na, Baba."

"Ƙishirwa taka ji?"

Aka yi dariya. Wani ya ce ai jini ba ya ƙarya, gwaggo ta yi kuka, ɗan wanta ya zo gyara. Wani ya ce to in ba shi ba ne, ko kai ne? Na ga gaskiyar da na ɗauko ta fi satar wuyar shiga kunne.

Na roƙi a ba ni garwar kananzir mai murfi. Aka kawo wata da saura kaɗan a ciki. Na ba maigari ya ɗaure murfin da hannunsa, na ajiye ta a rana, na zuba ruwa a kanta har ya rufe bakin. Muka zauna. Wasu suka gaji suka tafi. Can sai kumfa ta fara fitowa, na kira su suka leƙa. Sannan na ɗauke ta a hankali zuwa inuwa, na naɗe jikinta da jiƙaƙƙen buhu. Garwa ta yi ƙara. Aka jira. Da na tsiyaye a kwalba sai ga ruwa kwance a ƙasa, ɗan kaɗan, bai fi ƙwayar wake biyu ba.

Maigari ya karɓi kwalbar ya daɗe yana dubawa, ya ce ikon Allah. Ya ce shi dai ya gani, kuma kada ya ƙara jin an kira mutumin nan da sunan da ba nasa ba. Tsohon mai carbi ya ce murfin garwa daban, na gangar Bature daban, ya kakkaɓe riga ya tafi.

Na kwana gidan gwaggona, ba ta yi mini magana mai tsawo ba. Da safe ina ɗaura takalmi sai ga mai sirdi ya shigo da sirdinsa a ka, yana cewa tafiyar ta fasu, ɗakinsa kuma ɓera ya yi yawa. Taubashina ya karɓa ya kai ciki. Mai buhun iri bai dawo da nasa ba, a shekarar ko bayanta. Da aka aiko wa taubashina wata damina cewa gadin filin ya samu, ya ce a gode wa akawu, gonarsa ta ishe shi.